Yadda kwamfuta ke yanka lokaci a masana'antu, da alaƙarsa da kwanan direba a layin lodi

Tun daga Fabrairun 2021 da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta fara aiki da manhajar kiran motoci ta Eto, ƙa'ida ba ta yarda direban tirela ya tasar wa tashar jiragen ruwa ta Apapa ko ta Tin Can da ke Legas kai tsaye ba. Sai ya yi rajista, ya jira a garejin da aka amince da shi, sannan a kira shi. A 2025 gwamnatin Legas ta matsa a kan irin wannan tsari a hanyar Lekki zuwa Epe, inda tankoki ke tururuwa zuwa matatar Dangote, aka yi ta kai ruwa rana da ƙungiyoyin masu motoci a kan kuɗinsa. A ƙofar masana'antu ma, dillalin da ya tambayi ranar fitar kayansa yakan ji an ce masa sai abin da kwamfuta ta nuna.

Tambayar da ke yawo a bakin direbobi da 'yan kasuwa daga Ijora zuwa Agege ita ce: in dai kwamfuta ce ke tsara komai, me ya sa mota ke kwana biyu a layi? Kowa ya san wani ɓangare na amsar, wato gosulo, ɗaukewar wuta da masu karɓar na goro a hanya. Akwai kuma ɓangaren da ke ɓoye a cikin lissafin kansa. Kwamfuta ba ta san lokaci yadda mutum ya san shi ba. Injiniya ne ke zaɓa mata yadda za ta auna shi, kuma wannan zaɓi yana sauya jadawalin da za ta fitar, ko da injina da ma'aikata da odar ba su sauya ba.

## Me ake tsarawa?

Ta fuskar aiki masana'antu iri biyu ne. Akwai masu aiki zubi-zubi: a zuba sinadarai a babbar tukunya, a gauraya, a ɗumama ko a sanyaya, a juye, a wanke tukunyar, a sake wani zubin. Haka ake yin fenti, magani da sabulun ruwa. Akwai kuma masu aiki a gudane, kamar matatar mai ko injin niƙan alkama na Apapa, inda kaya ke shiga ta nan suna fita ta can dare da rana. Dukkansu suna buƙatar jadawalin da zai faɗi wane aiki za a yi, a wane inji, nawa ne yawansa, kuma yaushe.

A shekarun 1910 injiniyan Amurka Henry Gantt ya yaɗa zanen nan na dogayen sanduna da ke nuna farkon kowane aiki da ƙarshensa, wanda har gobe ake liƙawa a bangon ofisoshi. Zanen yana nuna tsari ne kawai, ba ya zaɓar mafi kyau. Zaɓin ya fara komawa hannun lissafi ne a 1947, lokacin da George Dantzig ya fito da hanyar neman mafi riba ko mafi araha a cikin tarin sharuɗɗa. A 1960 Ailsa Land da Alison Doig a Landan suka ƙara hanyar magance tambayoyin da amsarsu e ce ko a'a.

Jadawali kuwa cike yake da irin waɗannan tambayoyi. A fara gaurayen farin fenti a tukunya ta biyu da ƙarfe tara, e ko a'a? Tambayoyi 60 kacal irin wannan suna haifar da haɗe-haɗen amsoshi sama da biliyan sau biliyan. Manhajojin da ake amfani da su, irin su CPLEX da Gurobi, ba sa gwada kowanne; suna watsar da waɗanda suka tabbatar ba za su kai ba. Duk da haka yawan tambayoyin da yanayinsu ne ke raba amsar minti biyar da ta kwana uku. Kuma tambayoyin suna fitowa ne daga yadda aka wakilci lokaci.

## Yankakken lokaci

Hanya ta farko ita ce a yanka lokaci gida-gida daidai wa daida, a ce awa-awa ko rabin awa. Kowane yanki gurbi ne, kuma aiki ba ya farawa sai a bakin gurbi. A 1993 Kondili, Pantelides da Sargent na Kwalejin Imperial da ke Landan suka fitar da tsarin da ya zama ginshiƙin wannan fanni, wanda ke kallon masana'anta a matsayin jerin ayyuka da kayan da ke shiga da fita daga kowane aiki, kuma a kan yankakken lokaci suka gina shi.

Mazaunin Agege ya san bambancin a aikace. Jirgin ƙasa na Jan Layi yana da lokutan tashi da aka rubuta, wanda ya iso minti biyu bayan tashinsa sai ya jira na gaba. Danfo kuwa, wato bas ɗin haya ta Legas, da ta cika ta tashi, ko ƙarfe nawa ne. Yankakken lokaci jirgi ne, ɗaya hanyar da za mu zo kanta danfo ce.

Ga misali na ƙiyasi. A ce zubin fenti ɗaya yana cin minti 140 a gauraye, minti 70 a tacewa, minti 45 a ɗurawa cikin gwangwani. Jimilla minti 255, wato awa huɗu da kwata. Idan gurbin awa ɗaya ne, dole a ɗaga kowane aiki zuwa cikar awa: gauraye awa uku, tacewa awa biyu, ɗurawa awa ɗaya. A idon kwamfuta zubin ya zama na awa shida. Abin ya fi fitowa fili idan tukunyar gauraye ce ke riƙe sauran aiki. A zahiri za ta iya zubi 10 a awa 24, amma jadawalin zai ce 8. Zubi biyu sun ɓace kullum ba tare da inji ya lalace ba. Idan aka mayar da gurbin rabin awa, gauraye ya zama minti 150, jadawali ya ce 9.

Mai tambaya zai ce me zai hana a rage maimakon a ɗaga, a ɗauki minti 140 a matsayin awa biyu. Wannan ya fi muni, domin jadawali zai turo sabon zubi alhali tukunya ba ta gama da na farko ba. Jadawalin da aka ɗaga yana asarar lokaci, wanda aka rage kuwa ba ya aikatuwa sam.

Maganin da ya rage shi ne a ƙanƙanta gurbin har ya raba dukkan lokutan ba saura. A misalinmu minti biyar ne. Amma mako guda gurbi 168 ne idan awa-awa aka yanka, gurbi 2,016 idan minti biyar-biyar ne. Masana'antar da ke da haɗin aiki da inji iri 30 za ta tashi daga tambayoyi 5,040 zuwa 60,480. Kwamfutocin farkon shekarun 1990 ba sa iya ɗaukar wannan nauyi a kan lokaci, shi ya sa masana suka shiga neman wata mafita.

## Sakakken lokaci

Mafitar da aka samo daga tsakiyar shekarun 1990 ita ce a daina yanka lokaci tun farko. A maimakon haka sai a ce wa kwamfuta: a cikin makon nan za a sami aukuwa kaza, a ce goma sha biyu, kowace aukuwa farkon wani aiki ce ko ƙarshensa, ke za ki nemo ƙarfe nawa kowacce za ta faɗo. Aiki na iya farawa da ƙarfe 9:17 idan a nan ya dace. Minti 140 ya zauna a minti 140.

Wannan hanya ta rabu gida-gida. Wasu sun sa dukkan injina su yi tarayya a jerin aukuwa ɗaya. Ierapetritou da Floudas na Jami'ar Princeton a 1998 suka ba kowane inji nasa jerin, abin da ya rage yawan aukuwar da ake buƙata sosai. Wasu kuma suka bar batun aukuwa, suka gina lissafin a kan tambayar wa zai riga wa. Wannan na ƙarshen yana da amfani inda tsawon wanke inji ya dogara da abin da ya gabata. Daga farin fenti zuwa baƙi wanki kaɗan ne, daga baƙi zuwa fari kuwa sai an darje tukunya. Haka nan sakakken lokaci ya fi dacewa idan tsawon aiki yana sauyawa da yawan kaya, kamar turo mai ta bututu, inda lokaci ke fitowa daga yawan lita da ƙarfin famfo.

A takarda abin kamar ya gama magana: tambayoyi kaɗan, lokaci daidai. Sai dai matsaloli biyu sun bayyana.

Ta farko, babu mai sanin adadin aukuwar da ake buƙata kafin a warware lissafin. Idan aka ba da kaɗan, jadawali mafi kyau ba zai samu wurin zama ba. Idan aka ba da da yawa, lissafin ya yi nauyi. Abin da ake yi shi ne a fara da kaɗan, a riƙa ƙara ɗaya-ɗaya har riba ta daina ƙaruwa, kuma kowane ƙari sabon lissafi ne daga tushe. Akan kuma sami inda ƙarin ɗaya bai sauya komai ba amma ƙarin biyu zai sauya, mai tsarin ya riga ya tsaya.

Ta biyun ta fi zurfi. Kafin manhaja ta fara lalube, takan sassauta wa kanta sharaɗi, ta ɗauka ana iya amsa tambayar e ko a'a da rabi, ko da kashi ɗaya cikin goma. Amsar da za ta samu ba ta aikatuwa, amma tana nuna mata iyakar ribar da ba za a taɓa wucewa ba. Idan wannan iyaka tana kusa da gaskiya, nan da nan take watsar da yawancin zaɓuɓɓuka. A sakakken lokaci, kafin a rubuta sharaɗi kamar "idan wannan aiki ne ya riga, to wancan ya jira shi ya gama, in ba haka ba a manta da maganar", sai an cusa wata ƙatuwar lamba da aikinta shi ne kashe sharaɗin idan ba a buƙatarsa. Da zarar an sassauta, wannan lamba kan kashe sharaɗin har a inda ake buƙatarsa, iyakar ta yi nisa da gaskiya, manhaja ta yi ta yawo. Yankakken lokaci ba ya buƙatar wannan dabara sosai, don haka tambayoyinsa dubu hamsin kan fi dubu ɗaya na sakakke saurin warwaruwa a wasu lokuta.

## Inda muhawarar ta tsaya

A farkon shekarun 2000 ra'ayi ya karkata ga sakakken lokaci, kuma bitar da Floudas da Lin suka yi a 2004 ta ƙarfafa hakan. Hujjar masu wannan ra'ayi har yanzu tana nan: lokacin da aka ɗaga ƙarya ce, kuma mafi kyawun amsa ga tambayar da aka gurɓata ba lallai ta zama mafi kyau a filin aiki ba.

A 2011 Sundaramoorthy da Maravelias na Jami'ar Wisconsin suka gwada hanyoyin biyu a kan tarin matsaloli iri ɗaya, suka ga cewa yayin da matsala ke girma yankakken lokaci ya fi yawan ba da amsa mai kyau cikin ɗan lokaci. Masu goyon bayansa suna ƙara da cewa abubuwan da ke damun manajan masana'anta kullum a jikin agogo suke: canjin ma'aikatan safe da na dare, ranar gyaran inji, ranar da mai oda zai turo mota, hutun sallar Juma'a. A yankakken lokaci sai dai a rufe gurbin da abin ya shafa. A sakakke kuwa, tunda ba a san inda aukuwa za ta faɗo ba, kowane irin wannan sai ya haifi sababbin tambayoyi.

Idan aka auna hujjojin, babu ɓangaren da ya kayar da ɗaya, kuma aikin da ya biyo baya ya fi karkata ga haɗa su. Ana iya ba kowane inji gurbin da ya dace da shi, mai aikin minti 45 ya sami na kwata, mai aikin awa takwas ya sami na awa biyu. Ana iya yanka yau da gobe ƙanana, a bar ƙarshen mako da faɗi, tunda kafin a kai can za a sake tsarawa. Ana kuma iya warwarewa da yankakken lokaci don a san wane aiki a wane inji da wa ke bin wa, sannan a riƙe wannan jeri a matse lokutan zuwa ainihin mintunansu. Matakin na biyu ba shi da tambayoyin e ko a'a, don haka ba ya cin lokaci.

## Matatar mai a gaɓar teku

Matatar Dangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a Mayun 2023 ta kuma fara fitar da man fetur a Satumban 2024, an gina ta ne don tace ganga 650,000 a rana. Jirgin ruwa mai ɗauke da ganga miliyan ɗaya bai kai mata cimar kwana biyu ba idan tana aiki gaba ɗaya. Kowace matata irin wannan tana fama da tambayoyi iri ɗaya. Jirgi ya iso, a wane tanki za a sauke? Tankin da ake ɗura wa ba a ɗiba daga cikinsa a lokaci guda, kuma bayan ya cika sai an bar shi ruwan gishirin da ke cikin ɗanyen man ya kwanta. Hasumiyar tacewa kuwa ba a so ta tsaya ko na ɗan lokaci. Jirgin da ya wuce kwanakin da aka yi yarjejeniya a kansu ana biyan masu shi kuɗin jinkiri da dala.

A ɓangaren ɗanyen mai, ayyukan kaɗan ne amma dogaye, kuma tsawonsu na sauyawa, don haka sakakken lokaci yana da hujja mai ƙarfi. A ɓangaren lodin tankoki lamarin ya juya: ɗaruruwan ayyuka gajeru masu kama da juna, waɗanda suka fi dacewa da gurabe. Wuri ɗaya ke nan mai buƙatar agogo biyu, kuma a mahaɗarsu ake yawan samun tangarɗa, domin jadawalin lodi yana dogara ne da tankin da jadawalin tacewa ya ce zai cika.

## Wuta da hanya

Yawancin binciken nan an yi shi ne a Turai da Amurka, inda a wasu kasuwannin farashin lantarki ke sauyawa duk awa ko duk minti 15. A Legas tambayar ita ce wace wuta ake da ita a wannan awa. A Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Masana'antu da yawa suna haɗa wannan da janaretan dizal ko na iskar gas, kowanne da tsadarsa da iyakar nauyin da zai ɗauka. Yankakken lokaci yana ba kowane gurbi nasa farashi da nasa ƙarfin wuta, sai kwamfuta ta tura ayyuka masu cin wuta zuwa inda ya fi sauƙi.

Akwai kuma batun sake tsari. Babban layin wuta na ƙasa yakan faɗi ba sanarwa, kwantenar sinadarai takan maƙale a tashar jiragen ruwa, motar da aka sa ran gani da safe takan iso bayan La'asar. Jadawalin da ya daidaita har minti amma yake buƙatar awa shida kafin ya fito ba shi da amfani idan wuta ta ɗauke da tsakar rana. A irin wannan yanayi amsa mai kyau cikin minti biyar ta fi cikakkiyar amsa da za ta zo gobe. Rarar da ɗaga lokaci ke bari takan shanye ƙananan jinkiri, amma rara ce da ta faɗo inda lissafi ya jefa ta, ba inda haɗari ya fi yawa ba. Masu tsari na ƙwarai sukan matse ta, sannan su ajiye rara da gangan a gaban injin da ya fi yawan tsayawa.

## Abin da ya iso ga direba, ɗan dako da mai saye

Faɗin gurbin lodi shi ne abin da direba ya fi ji a jikinsa. Idan an ba motoci arba'in gurbin awa huɗu, kowa zai so ya iso a farkonsa, na ƙarshe ya yi jiran kusan awa huɗu ko da komai ya tafi daidai. Idan aka matse gurbin zuwa minti 15, layi zai ragu a takarda, amma wanda gosulon Mile 2 ya riƙe zai rasa nasa. Ko a saka shi a gurbi na gaba ko a mayar da shi ƙarshen layi, wannan ba hukuncin kwamfuta ba ne, ƙa'ida ce da mutane suka rubuta, kuma a kanta ya kamata ƙungiyar direbobi ta nemi bayani.

'Yan dako da leburorin da ake biya gwargwadon lodi su ma abin ya shafe su. Jadawali mai faɗin gurbi yakan tara aiki a farkon awa, a yi ta zama a ƙarshenta. Wanda aka matse har minti kuma ba ya barin sarari tsakanin mota da mota, sai idan an rubuta hutu a cikinsa a matsayin sharaɗi. Ga dillalin da ke tura sukari ko fulawa zuwa kasuwar Singa a Kano, zubin da ya ɓace a lissafi yana nufin kayan da za su fita Laraba sun koma Alhamis, kuɗin motar da ke jira kuma ya hau kan kowane buhu.

Duk hanyar da aka bi wajen auna lokaci, kwamfuta tana rage abin da aka sa wa farashi ne kawai. Jiran jirgin ruwa yana da farashi a yarjejeniya, tsayuwar inji ma akawu ya san kuɗinta, don haka dukkansu suna cikin lissafin. Inda yarjejeniyar sufuri ta ce kamfani zai biya mai mota idan aka riƙe ta fiye da awa kaza, wannan kuɗi yakan shiga lissafin, jadawali ya riƙa kiran motoci kusa da lokacin da kaya za su fito. Inda babu wannan sharaɗi, jiran direba sifiri ne a idon manhaja, kuma mafi arahar jadawali shi ne a kira motoci tun da wuri su yi layi, don kada bakin lodi ya zauna minti ɗaya babu mota.